Darasi na 1: Mene ne Zuba Jari, Ina ne Kasuwar Kuɗi?

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Bambance ajiya da zuba jari da caca.
2. Bayyana yadda hauhawar farashi ke cin kuɗin da aka ajiye.
3. Faɗin aikin kasuwar kuɗi da manyan hajojinta.
4. Nuna dangantakar riba da kasada.
5. Gane alamomin harkar damfara.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau da kaka ya ga zuba jari da idonsa. Ɗan kasuwa yana sayen buhunan wake lokacin da amfanin gona ya cika kasuwa, ya biya kuɗin sito da na magani, ya jira har damina ta kankama kaya su yi ƙaranci, sannan ya fitar. Wata shekarar ya ci riba mai kauri. Wata shekarar kuma ƙwari su shiga, ko farashi ya karye, ya sayar ƙasa da yadda ya saya. Haka matar da ta kwashi adashe ta sayi tunkiya ta bayar kiwo, da mai kuɗin da ya ba yaronsa jari a Kantin Kwari bisa sharaɗin a raba riba. Dukkansu sun haƙura da cin kuɗinsu yau domin ya haifi wani gobe, kuma dukkansu sun san ana iya yin asara.

Saboda haka ba daga sifili za ku fara wannan kwas ba. Yawancinku manya ne masu iyali, wasu ma'aikata, wasu 'yan kasuwa, wasu na dab da ritaya. Abin da kwas ɗin zai ƙara muku shi ne sanin wata kasuwa da ba ta da rumfuna ko buhuna, wadda hajarta takardu ne da lambobi a kwamfuta. Ƙa'idar da za ta biyo mu daga wannan darasi har zuwa na ƙarshe ita ce wadda kakanninmu suka bar mana: ba a cinikin biri a sama. Kada mutum ya sa kuɗinsa a abin da bai san daga ina ribarsa take fitowa ba.

1.1 Ajiya, zuba jari da caca

Ajiya ita ce ware wani abu daga abin da aka samu a adana shi don wata buƙata: asusun ƙasa, adashe, ko asusun ajiya na banki. Babban burin mai ajiya kada kuɗin su ɓata, kuma ya same su a ranar da yake so. Adashe hanya ce mai kyau ta tara kuɗi, amma abin da ka zuba shi za ka kwasa, ba ya ƙaruwa.

Zuba jari shi ne sa kuɗi a wata kadara ko sana'a mai samar da amfani, da fatan uwar kuɗi ta dawo tare da ƙari. Gona tana ba da amfani, gida yana kawo haya, kamfanin siminti yana sayar da siminti ya ci riba. A kowane hali akwai wani aiki na zahiri da ake yi da kuɗin.

Caca kuwa babu abin da take samarwa. Abin da wani ya ci, daga aljihun wani ya fito. Mutum yana iya shiga halastacciyar kasuwa amma da zuciyar ɗan caca, wato ya sayi abin da bai sani ba don kawai ya ji ana cewa zai tashi gobe. Tambayar da ke raba waɗannan abubuwa uku guda ɗaya ce: wane aiki kuɗina za su yi?

1.2 Me ya sa ajiya kaɗai ba ta isa?

Mu ɗauka wata malamar firamare ta ajiye naira 100,000 a cikin akwati. A ranar, buhun masara naira 50,000 ne, wato kuɗinta za su sayi buhu biyu. Bayan shekara farashi ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, buhu ya koma naira 62,500. Ta buɗe akwati, kuɗinta na nan cif, ko naira ɗaya ba ta ɓace ba. Amma yanzu buhu ɗaya da ɗan fiye da rabi kawai za su saya. Ƙarfinsu ya koma daidai da naira 80,000 ta bara. Wannan shi ne hauhawar farashi: yana cin kuɗi kamar yadda gara ke cin azara, daga ciki, ba tare da an ji motsi ba. A Najeriya, alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar 2024, kuma kowane magidanci ya ji a jikinsa.

Daga nan sai mu fitar da ƙa'ida ta farko ta lissafi. Idan jarinka ya kawo ribar kashi 15 a shekarar da farashi ya tashi da kashi 25, naira ta ƙaru a hannunka amma dukiyarka ta ragu. Ribar gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an cire hauhawar farashi.

Lokaci kuma yana iya zama abokin mai jari. Idan aka zuba naira 100,000 a harkar da ke kawo kashi 15 duk shekara, kuma aka bar ribar tana komawa cikin jarin, lissafin zai tafi haka:

- Shekara ta 1: naira 115,000
- Shekara ta 2: naira 132,250
- Shekara ta 3: naira 152,088
- Shekara ta 4: naira 174,901
- Shekara ta 5: naira 201,136

A shekara biyar kuɗin sun ninka. Makiyayi ya san wannan sirri: tunkiya ta haihu, 'yarta ma ta girma ta haihu. Akwai hanya mai sauƙi ta ƙiyasi: a raba 72 da adadin ribar shekara, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da kuɗi za su ninka. A misalinmu, 72 a raba da 15 ya ba da kusan shekara biyar.

1.3 Mece ce kasuwar kuɗi?

A kowace al'umma akwai masu rarar kuɗi da ba su da aikin yi da su yanzu, akwai kuma masu aiki a hannu amma ba su da isassun kuɗi. Ma'aikaci yana da naira 20,000 da ta rage masa a wata. Kamfani yana son gina masana'anta ta biliyoyi. Gwamnati tana son shimfiɗa titi. Kasuwar kuɗi ita ce mahaɗar waɗannan ɓangarori. Da yayyafi kogi kan cika: ƙananan kuɗin mutane dubbai ne ke taruwa su zama masana'anta ko gada.

Tunanin tsoho ne. Fataken da ke tafiya Gwanja sayo goro sukan ɗauki dukiyar waɗanda suka zauna a gida, idan ayari ya dawo lafiya a raba riba. A Turai ma fatauci ne ya haifi kasuwar. A 1602 aka kafa wani kamfani a ƙasar Holan don ɗauko kayan yaji daga Asiya. Tafiyar tana da tsada da haɗari, don haka aka yanka mallakar kamfanin ƙanana-ƙanana aka sayar wa jama'a, kuma wanda ya gaji da jira yana iya sayar da nasa kason ga wani a birnin Amsterdam. Wannan damar sayar da kaso ita ce sabon abin da ya shigo, kuma a kanta kasuwannin hannun jari na yau suka ginu.

Ana raba kasuwar gida biyu bisa tsawon lokaci. Ta gajeren zango tana hulɗa da bashin da bai wuce shekara ɗaya ba, kamar takardun baitulmali da Babban Bankin Najeriya ke sayarwa a madadin gwamnati na kwana 91 ko 182 ko 364. Ta dogon zango, wadda ake kira kasuwar jari, ita ce ta hannayen jari da takardun lamuni masu shekaru.

Ana kuma raba ta bisa wanda kuɗin ke shiga hannunsa. Idan kamfani ko gwamnati ta fitar da sababbin takardu, kuɗin masu saye suna tafiya kai tsaye wurinta; wannan ita ce kasuwar fari. Idan kuwa mai takarda ya sayar wa wani, kuɗin tsakaninsu ne, kamfani bai sami ko kwabo ba. Wannan ita ce kasuwar hannu na biyu. Kada a raina ta biyun, domin ba wanda zai yarda ya sayi abin da ba zai iya sayarwa ba ranar da lalura ta taso.

1.4 Hajojin kasuwar

*Hannun jari.* Wanda ya sayi hannun jari ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, komai ƙanƙantar kasonsa. Yana da ƙuri'a a babban taron shekara, yana kuma da rabo idan aka raba riba. Kamfanonin da muke amfani da kayansu kullum suna cikin kasuwar: Dangote Cement ya shiga a 2010, MTN Nigeria a 2019, BUA Cement a 2020. Ta hanya biyu ake samu: rabon riba da tashin farashi. Misali, ka sayi hannu 1,000 a kan naira 50, wato naira 50,000. Kamfani ya raba naira 4 ga kowane hannu, ka sami 4,000. Bayan cire harajin kashi 10 saura 3,600. Idan farashi ya kai naira 60 ka sayar, ka ƙara samun 10,000. Idan kuma ya faɗo naira 40 ka sayar, ka yi asarar 10,000, rabon ribar bai rufe ta ba. Sannan akwai la'adar dillali a saye da sayarwa. Babu wanda ya yi maka alkawarin komai, domin kai mai kamfani ne.

*Takardun lamuni.* A nan kai mai ba da bashi ne. Gwamnati ko kamfani ya karɓi kuɗinka, ya yi alkawarin biyan kuɗin ruwa a lokuta sanannu, ya mayar da uwar kuɗi idan wa'adi ya cika. Ofishin Kula da Basussuka na Tarayya, wanda aka kafa a 2000, ya fito da takardun lamuni na ƙananan masu ajiya a 2017. Ana iya farawa da naira 5,000, wa'adinsu shekara biyu ko uku, ana biya duk bayan wata uku.

*Sukuk.* Mutane da yawa a ƙasar Hausa sun daɗe suna nesa da kasuwar saboda gudun kuɗin ruwa, kuma dalilinsu abin girmamawa ne. Sukuk ya zo ne don amsa wannan buƙata. Mai sukuk yana da kaso a wata kadara, abin da ake biyansa kuɗin hayarta ne. A Najeriya, Jihar Osun ce ta fara fitar da shi a 2013. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara bakwai, don aikin tituna 25 a shiyyoyi shida na ƙasar, kuma da naira 10,000 ana iya shiga. Haka nan akwai tsarin tantance kamfanoni, inda ake ware waɗanda harkarsu ta giya ce ko caca ko bashi da ruwa. Wanda ya karanci babin ƙiradi da na tarayya a littattafan fiƙihu zai ga tushen abubuwa da dama a nan.

*Asusun haɗaka.* Wanda ba shi da lokacin bin diddigin kamfanoni yana iya haɗa kuɗinsa da na wasu a hannun ƙwararrun da ke da lasisi, su rarraba su a wurare daban-daban, su ɗauki ladan aikinsu. Ma'aikatan da ke cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda dokar 2004 ta kawo, sun riga sun zama masu jari ta irin wannan hanya. Bisa gyaran dokar na 2014, ana cire aƙalla kashi 8 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, kuma kaso mai yawa na kuɗin yana cikin takardun gwamnati.

1.5 Su wa ke riƙe da kasuwar?

Kowace kasuwa tana da sarkinta da dillalanta da masu gadinta. An kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961 da takardu 19. A 1977 ta zama ta ƙasa baki ɗaya, aka buɗe mata reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuma a 1989. Tun 2021 ana kiranta NGX. Hukumar SEC, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke ba dillalai da manajojin asusu lasisi, tana kuma hukunta masu saɓa doka. Kamfanin CSCS ne ke riƙe da rajistar wanda ya mallaki me, don haka yanzu ba a buƙatar takardar shaida a ƙarƙashin katifa. Babban Banki yana kula da bankuna, hukumar NDIC kuma tana ba ajiyar banki kariya zuwa wani adadi idan banki ya rushe. A lura: wannan kariya ta ajiya ce, ba ta shafi faɗuwar farashin hannun jari ba.

Ɗalibanmu na Jamhuriyar Nijar kasuwarsu ita ce BRVM da ke Abidjan, wadda ta fara aiki a 1998, tana kuma yi wa ƙasashe takwas masu amfani da sefa hidima.

Ba a shiga ciniki sai ta hannun dillali mai rajista. Kafin ka miƙa kuɗi, duba sunansa a jerin da hukumar SEC ke wallafawa. Aikin minti biyar ne a waya, kuma ya sha ceton guzurin shekaru.

1.6 Riba da kasada tagwaye ne

Wannan shi ne zuciyar kwas ɗin. Duk inda riba ta yi yawa, kasada ma ta yi yawa. Takardun gwamnati ribarsu sananniya ce, haɗarinsu kaɗan, kodayake hauhawar farashi na iya cinye ribar. Hannun jari yana iya kawo fiye da haka, yana kuma iya cin uwar kuɗi.

Tarihinmu na kusa ya isa shaida. Bayan da Babban Banki ya umarci bankuna a 2004 su kai jarinsu naira biliyan 25, sai suka yi ta sayar da hannayen jari. Farashi ya yi ta hawa, mutane suka sayar da filaye, wasu suka ci bashin banki don su saya. A watan Maris na 2008 ma'aunin da ke nuna farashin hannayen jarin kasuwar ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan haka ya faɗo kusan 20,000. Wanda ya saya da rarar kuɗinsa ya ji zafi amma yana iya jira. Wanda ya saya da bashi sai ya wayi gari hannayen jarin ba su kai abin da ake binsa ba. Kasuwar halas ce, kamfanonin da yawa na gaske ne, amma an saya ba tare da tambayar ko ribar kamfani ta kai farashin ba.

Wannan daban yake da damfara. A 2016 wani tsari mai suna MMM ya yi wa 'yan Najeriya alkawarin kashi 30 duk wata, ya kuma rufe asusun mutane a watan Disamba na shekarar. Ku ɗauki biro ku lissafa: kashi 30 a wata, idan ana mayar da riba ciki, yana mai da naira 100,000 ta haura miliyan biyu da dubu ɗari uku a shekara ɗaya. Wace gona ce, wace masana'anta ce ke haihuwa haka? Babu. Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, ranar da sababbi suka ragu kuma ginin ya rushe. Irin wannan tarko yana sauya suna kawai. A 2025 ma wani mai suna CBEX ya tafi da kuɗin dubban mutane. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tara da ɗauri ga masu shirya shi, amma hukunci ba ya dawo da kuɗin makarantar yara. Alamominsa huɗu ne: riba mai yawa da aka ce tabbas ce, gaggawa, lada ga wanda ya kawo wani, da kasa bayyana sana'ar da ake yi da kuɗin. Ko ɗan'uwanka ne ya kawo maka, ko wanda kake ganin girmansa, ka yi tambayar nan guda: daga ina ribar take fitowa?

Ba a kawar da kasada gaba ɗaya, amma ana rage ta. Manomi yana shuka gero da dawa da wake a gona guda, domin idan ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, idan ya daɗe dawa ta yi kyau. Masanin tattalin arziki Harry Markowitz ya bayyana wannan hikima da lissafi a 1952, ya nuna cewa haɗa kadarorin da ba sa faɗuwa tare yana rage haɗarin jari gaba ɗaya, kuma ya sami kyautar Nobel a 1990. Bayan rarrabawa, a kiyaye abu uku: a fara ware kuɗin ko-ta-kwana na 'yan watanni, kada a zuba kuɗin cefane ko na haya, kada kuma a ci bashi don sayen hannun jari.

1.7 Tafiyar da ke gabanmu

Darussa na 2 zuwa 4 za su zurfafa kan lissafin riba da darajar kuɗi a tsawon lokaci. Na 5 zuwa 7 za su koya mana karanta rahoton shekara na kamfani: abin da ya sayar, abin da ya ci, da bashin da ke kansa. Na 8 da 9 na takardun lamuni ne da sukuk. Na 10 zai duba fansho da asusun haɗaka. A na 11 da 12 kowane ɗalibi zai tsara wa kansa jari gwargwadon shekarunsa da samunsa da nauyin da ke kansa, domin abin da ya dace da matashi mai shekara 25 bai dace da wanda saura shekara biyu ya ajiye aiki ba. Lissafin bai wuce tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa ba. Abin da ake buƙata daga gare ku shi ne haƙuri da yawan tambaya.

Taƙaitawa

Ajiya tana tsare adadin kuɗi, ba ta tsare ƙarfinsu. Zuba jari shi ne sa kuɗi su yi aiki na zahiri. Kasuwar kuɗi tana haɗa masu rara da masu buƙata ta hanyar hannun jari, takardun lamuni, sukuk da asusun haɗaka, ƙarƙashin kulawar hukumomi. Riba ba ta rabuwa da kasada, kuma wanda ya san tushen ribarsa shi ne mai jari.

Tambayoyi

1. Kawo bambanci biyu tsakanin ajiya da zuba jari.
2. Jarinka ya kawo kashi 18, farashi ya tashi da kashi 22. Ka ci gaba ne ko ka koma baya? Bayyana dalili.
3. Da hanyar 72, shekara nawa kuɗi za su ninka a kan ribar kashi 12?
4. Mene ne bambancin mai hannun jari da mai takardar lamuni?
5. Me ya sa waɗanda suka sayi hannun jari da bashi suka fi shan wahala a 2008?

Aikin gida

Ka zauna da wani ɗan kasuwa ko manomi ko makiyayi da ya daɗe a sana'arsa. Ka tambaye shi shekarar da ya fi cin riba da shekarar da ya fi yin asara, da abin da ya sauya bayan asarar. Rubuta amsarsa a shafi ɗaya ba tare da ambaton sunansa ba, ka nuna wace ƙa'ida ta wannan darasi ta fito a cikin labarinsa. Da waɗannan labarai za mu buɗe darasi na biyu.